Telan Da Ya Hana Mu Cewa Da Sauƙi

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, ina zaune a bencin asibiti ina jiran a ɗebi jinina, 'yarka babba ta kira ni, Tela. Ta ce, "Baffa, Baba ya cika." Na ce, "To." Sai da na ji tana jira, sannan na tuna abin da ake faɗa: na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Aka kira lambata, na tashi na miƙa hannu, aka soka allura. Ban yi kuka ba a ranar. Ban yi ba a maƙabarta. Yau kwana tara ke nan, idona a bushe yake kamar bangon da aka kankare. Shi ya sa na zauna in rubuta, ko alƙalami zai yi abin da ido ya ƙi.

Tela, wata biyar kacal na san ka. A ɗaki mai gado shida muka haɗu, hawa na biyar, inda taga ba ta nuna komai sai tankin ruwa da wurin ajiye motoci. Kai a gado na huɗu, ni a na biyar, cutar daji ta kwantar da mu, ana ɗura mana ruwan maganin nan da suke kira kemo. Ni shekara sha bakwai ina yi wa mutanen ƙasar nan fentin gidajen da ba zan taɓa kwana a ciki ba. Kai shekara talatin kana rage musu ƙafar wando a wani ɗan shago ƙarƙashin matakala, kusa da tashar bas. Ban san akwai mai jin yarena a ɗakin ba, sai ranar da na gama amai a roba, na goge baki, na ɗauki waya na ce wa mai ɗakina da ke gida, "Da sauƙi sosai, har na ci abinci." Ina ajiye wayar sai labule ya motsa, wani kai mara gashi ko ɗaya ya leƙo.

Ka ce, "Ƙarya kake, ƙanena. Amma sannu."

Tun daga ranar ka ɗaura yaƙi da kalmar nan. Kullum da safe nas za ta zo da takarda ta tambayi jiki, ni kuwa in nemo abin da ya fi kusa da "da sauƙi" a yarensu in ba ta. Ta yi alama a takarda ta wuce. Kai kana kallo. Ka ce mini a gida in mutum ya ce da sauƙi, uwarsa ba bakinsa take saurara ba, idonsa take dubawa, ta taɓa goshinsa, ta san gaskiya. Nan kuwa babu mai lokacin duba ido. Abin da ka faɗa shi ake rubutawa, abin da aka rubuta shi likita yake karantawa, kuma takarda ba ta san kunya ba. Ka ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, in ya yi shiru kuwa ya kwana a jiƙe.

Ba kunya kaɗai ta rufe mini baki ba, kuma ka gane. Tsoro nake ji. Na ɗauka in na cika ƙorafi za su ce jikina bai iya ɗaukar maganin ba, su tsayar. Takardar zamana a ƙasar nan kuma a ɗaure take da aikina. Mai fentin da ba ya iya riƙe buroshi, jirgi ake sa shi. Na daɗe da koyon cewa baƙo mai yawan magana shi ake fara tunawa ranar sallama.

A kwana na uku damtsena na dama, inda suka zura siririyar robar da magani ke bi, ya fara nauyi da zafi. Na ja bargo na rufe. Ba fuskata ce ta tona ni ba, rigata ce. Ka dube ni daga gadonka ka ce, "Mai Fenti, jiya hannun rigar nan bai kama ka ba." Ka jawo tef ɗin awonka daga ƙarƙashin matashi, wanda lambobinsa na farko duk sun goge, ka sauko kana jan sandar ƙarin ruwanka. Hagu inci sha ɗaya. Dama sha uku da rabi. Ka danna ƙararrawata da hannunka.

Nas ɗin da muke kira Doguwa ta zo. Ta tambaye ni, na buɗe baki zan yi halina, ka yi gyaran murya irin na uba. Ka ɗaga mata tef ɗin, babban yatsanka a kan lambar. Yarensu a bakinka gurgu ne, amma ka sha faɗa mini cewa lamba ba ta neman tafinta. Ta ce likita zai zagayo gobe. Ka ce ba laifi, amma ta rubuta a takarda cewa an nuna mata, ta sa lokaci, ta sa sunanta. Ta tsaya tana kallon ka. Sannan ta fita, ta dawo da likita. Kafin azahar sun yi mini hoto, sun ga gudan jini ya toshe jijiya, sun zare robar. Likitan ya ce da ya ɓalle ya tafi huhu, da wani zance ake yi. Ni kuwa abin da na fara yi shi ne jin haushinka, don ka sa an taru a kaina.

Zan faɗi gaskiya game da mutanen nan, domin kai ba ka yarda a yi musu ƙazafi. Ba mugaye ba ne. Doguwa ita kaɗai ke kula da gado goma sha biyu, namu da na ɗakin gaba, na sha ganin shayinta ya huce a kan tebur ba ta kurɓa ba. Amma kuma na ƙirga tsawon tsayuwar da ake yi a bakin gadon ɗan ƙasa, na ƙirga wadda ake yi a nawa. Duka biyun gaskiya ne, ba zan zubar da ɗaya don ɗaya ba.

Sauran abubuwan da ka koya mini ƙanana ne, amma da su na rayu. Ka ce in nemi maganin tashin zuciya tun kafin a rataya ledar kemo, kada in jira sai ciki ya juya. Da komai ya koma ɗanɗanon ƙarfe a bakina, har ruwan sha, ka sa mai ɗakinka ta kawo mini cokalin roba. Da bakina ya yi gyambo na daina ci, ka hana ni cewa ba na jin yunwa, ka ce in buɗe bakin in nuna musu. Da gashina ya zube a kan matashi, fatar kaina ta zama ko iska ta taɓa sai ta yi zafi, ka ɗinka mini hula da tsohuwar singileti mai laushi, ɗinkin a waje don kada ya goge ni. Na ce wannan ai a bai-bai take. Ka ce, "Kai ma a bai-bai kake, sa ka yi shiru." Duk ɗakin ka yi wa, har tsohon gado na biyu, ɗan ƙasa, wanda ya kai ƙararmu sau biyu wai muna hira da ƙarfi. Ya karɓi tasa. Da ita a kansa aka sallame shi.

A lokacin maganin ya fara cin yatsunka. Allura tana zamewa ba ka ji ba. Sai ka yanki ƙyalle, ka jera masa maɓallai biyar da kafofinsu, kullum da safe ka gwada nawa za ka iya ɓallawa. Babban likitanmu, wanda ka raɗa wa Ɗan Hanzari, daga bakin ƙofa yake duba mutane, ƙafa ɗaya a waje. Ran nan ka nuna masa kujera ka ce, "Likita, zauna." Ya zauna, ina jin don mamaki. Ka ɓalla uku a gabansa, na huɗu ya gagara. Ka ce makon jiya biyar ne, kuma kai da yatsun nan kake ci. Sannan ka nuna maɓallin farar rigarsa da ke lilo ka ce ya kawo ka ɗinke masa tun bai gama kashe maka yatsun ba. Ya yi dariya, wadda ban taɓa ji ba. Ya rage maganin. Bai tsayar ba, bai kore ka ba. Ina gani da idona, amma tsorona bai tafi ba.

Ba waliyyi ba ne kai. Kana da taurin kai, kana auna mutane ba su roƙe ka ba. Wata rana ka tsare Doguwa ka ce ledar da ta rataya maka ba taka ba ce, ka ɗaga murya, alhali ita ce da gaskiya. Washegari da ta shigo ka ba ta haƙuri a gaban kowa, da ƙarfin muryar da ka yi mata faɗa. Ka ce tsagar da aka yi a fili ba a ɗinke ta a ɓoye.

Yanzu ga abin da ya sa na kasa kuka, ina tsammani. An sallame mu, muna zuwa karɓar magani daga gida. An gaya mana, an maimaita, har an ba mu a rubuce: zazzaɓi bayan kemo ba a kwana da shi, domin jiki ba shi da sauran masu tsaro. Ranar Lahadi da la'asar na kira ka. Muryarka tana rawa, ina jin haƙoranka suna haɗuwa. Na ce, "Yaya, ya jikin?" Ka ce, "Da sauƙi."

Kai, Tela. Kai da bakinka.

Na ji. Wallahi na ji, kuma na san abin da na ji. Abin da ya kamata in ce shi ne, ma'aunin zafi nawa ya nuna? Ba ni 'yarka a waya. Amma zagayen kemo na huɗu ya shimfiɗe ni, ina kwance ina kallon silin, ba na son komai ya motsa. Na ce, "Allah ya ƙara sauƙi." Na kashe waya. Na yi maka abin da takarda take yi.

Daga baya 'yarka ta ce tun Asabar kake rawar sanyi a ƙarƙashin bargo biyu, ka hana a faɗa. Ka ce ka gaji da ɗakin nan mai gado shida, Lahadi ɗaya kake so a kan katifarka. Litinin suka kai ka asibiti, Talata ka cika. Ban ga laifin asibiti ba a wannan karon: cikin sa'a guda sun rataya maka magani, Ɗan Hanzari da kansa ya zauna a bakin gadonka ba wanda ya ce masa zauna. Na san kwana in ya ƙare ya ƙare. Na san ba tambayata ce take riƙe da ranka ba. Amma tambayar tawa ce, kuma ban yi ta ba.

Jiya na je ganin likita kafin zagaye na biyar. Ƙyallen maɓallan nan da ka cusa mini a aljihu ranar da aka sallame mu, na tafi da shi. Mako uku ke nan ina ɓoye cewa yatsuna sun sage, kamar na sa safar hannu mai kauri. Kofi ya faɗi daga hannuna sau biyu. Ɗan Hanzari ya leƙo, ƙafa ɗaya a waje, ya tambayi jiki. Kalmar ta zo har bakin haƙorana. Na haɗiye ta, na nuna masa kujera. Da ya ga ƙyallen ya gane shi, ya daɗe yana kallo. Na ɓalla biyu. Ya rage maganin, ya ce wataƙila yatsun su dawo, wataƙila ba duka ba, kuma da na faɗa tun farko da ya fi. Ban san ko zan sake hawa tsani da buroshi ba. Da na fito na zauna a bencin nan, na kira mai ɗakina, na gaya mata komai tun daga farko. Ita ta yi kukan.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo maKa daga ƙasar da ba tasa ba. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata masa makwanci, Ka sa jinyar da ya sha ta zama kaffara. Ka saka masa da kowace hula da ya ɗinka da yatsun da ba sa ji. Ka yafe masa kalmar da ya faɗa mini don gajiya, ni ma Ka yafe mini da na karɓa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinsa, wadda ta yi wata biyar tana hawa bas biyu da kwanon abinci a cinya, da 'ya'yansa uku, da 'yan'uwansa na gida da ba su samu ganin fuskarsa ba. Allah ya ba ku haƙuri, ya riƙa muku abin da ya bari. Ke kuma 'yata, kin tambaye ni jiki a wurin zaman makoki, na ba ki amsar da mahaifinki ya hana. Ga ta gaskiya: biyu cikin biyar. Allah ya jiƙan Tela.