Ranar Da Na Kai Mama Ladi Wurin Aikin Bitrus

A wannan watan ne Bitrus ya cika shekara takwas da barinmu. Na san wasu masu karatu za su yi mamaki idan suka ga ni, Habu, da ba a rasa ni a sahun masallacin garin Sterling na Amurka, na zauna ina rubutu a kan mutumin da sana'arsa haɗa giya ce. Su yi haƙuri su karanta. Ban taɓa ɗanɗana abin da yake yi ba, shi ma bai taɓa miƙo mini ba, kuma ya san ra'ayina sarai. Amma katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu a Jos, kuma har yau ban yi aboki kamarsa ba.

Muna yara, mahaifiyarsa Mama Ladi burukutu take yi. Warin tsiron dawa yakan tsallako katanga ya same mu muna shirin makaranta. Da waɗannan tukwane ta riƙe 'ya'ya biyar, domin mijinta duk abin da ya samo a haƙar kuza cikin ƙwarya yake ƙarewa. Da ciwon hanta ya kashe shi, ana gama zaman makoki ta fito da tukwanen tsakar gida ta bi su da taɓarya ɗaya bayan ɗaya. Ta koma suyar ƙosai, ta shiga zumuntar mata a coci, ba ta ƙara yarda a ambaci giya a gabanta ba.

Bitrus ya riga ni zuwa Amurka. Ya yi karatun kimiyyar sinadarai a jami'ar da ke College Park, kowa ya ɗauka kamfanin magani zai shiga. Sai ya samu aiki a wani ƙaramin wuri cikin gonakin Virginia, yamma da Sterling, inda ake yin wiskin da Amurkawa ke kira burbon. Da farko ya ce na ɗan lokaci ne. Daga baya aikin ya shiga ransa.

Ni da na zo na same shi, ko ban tambaya ba sai na ji bayani. Fiye da rabin hatsin dole masara ce, in ji shi, sauran alkama ko wani hatsi na ƙasar nan, da tsiron sha'ir. A niƙa, a dafa kamar kunu, a zuba yisti a bar shi ya kwana biyu yana tafasar kansa ba wuta. Sannan a ɗora a tukunyar jan ƙarfe, tururin ya bi bututu ya huce, ya ɗigo fari tas kamar ruwan famfo. Daga nan sai sabuwar gangar katako wadda aka babbake cikinta har ya yi gawayi, a jera a sito, a tafi a bar ta shekaru. Da zafi ruwan ya shige cikin katako, da sanyi ya dawo, a haka yake ɗaukar launin zuma da ƙamshin itace. Kowace shekara wani kaso yakan bi iska ya ɓace.

"Turawa rabon mala'iku suke kiransa," ya ce mini wata rana muna cikin motarsa.

Na ce, "Kai dai ka bar mala'iku su ji da aikinsu. Iska ce ta shanye."

Ya yi dariya har da buga sitiyari. Haka muke da shi.

Abin da bai iya yi wa dariya ba shi ne mahaifiyarsa. Wani daga cocinsu na garin Laurel ya je Jos hutu ya kai labari. Ta kira shi ta ce, "Bitrus, gaskiya ne?" Ya ce gaskiya ne. Ta kashe wayar. Shekara huɗu ba ta ƙara ɗaukar kiransa ba. Yakan aika gaisuwa ta bakin ƙannensa, amsa ba ta dawowa. Ranar Lahadi in na je gidansa sai in tarar da shi zaune da waya a hannu yana jujjuya ta, in ya gan ni ya tura ta aljihu.

Da matarsa Rifkatu ta haifi Hannatu, Mama Ladi ta yarda ta zo jego, saboda jaririyar. Ni na ɗauko ta a filin jirgin Dulles. Ta rungume ni tana "Habu ɗana, ka yi ƙiba," amma da muka isa gida Bitrus ya durƙusa ya gaishe ta, "lafiya" kawai ta ce ta wuce ɗakin mai jego. Haka aka yi makonni. Tana cin abincin gidansa, tana wa 'yarsa wanka, ba ta kallon fuskarsa.

Ana saura 'yan kwanaki ta koma, ya same ni. Ya ce, "Habu, ni ba za ta shiga motata ba. Amma kai tana jin maganarka. Ka kawo mini ita wurin aiki sau ɗaya. In ta gani ta tsine, na ɗauka. Ba na so ta koma tana ƙin abin da ba ta gani ba."

Na yi ta juya maganar a raina. Wurin ba wurina ba ne, ban taɓa taka shi ba. Amma na tuna ƙosan da matar nan take cusa mini a hannu ba ko sisi, na tuna abokina da waya a hannu. Na je na gaya mata gaskiya, ban ɓoye inda za mu ba. Sai ta ce, "Ɗauko mini mayafina."

Da hantsi muka isa. Bitrus yana bakin ƙofa da rigar aiki. Muna shiga ɗakin da manyan randunan ƙarfe suke, warin ya tare mu, ɗumi-ɗumi, tsami-tsami, na hatsin da ya fara juyawa. Ni kaina sai da na ga tsakar gidansu na Jos. Mama Ladi ta tsaya cak. Ta matsa ta leƙa randa ɗaya, saman yana ta kumfa yana huci. Ta daɗe a haka.

"Ana zuba masa na jiya?" ta tambaya, ba ta juyo ba.

"Ana zubawa, Mama. Kaɗan daga na baya, don ya kama."

"Haka ake yi," ta ce a hankali.

Wannan ce doguwar magana ta farko tsakaninsu a shekara huɗu. Ya kai mu sito, ganguna jere har rufi, wurin shiru da sanyi. Ya nuna mata wata da aka cire wa murfi, ta shafa gawayin da yatsa ta duba. Ya ce waɗanda ya cika bana sai Hannatu ta shiga makaranta za a buɗe su. Ta girgiza kai ta ce nata in ya kwana biyu sai a zubar.

A hanyar fita akwai ɗan ɗakin da baƙi ke ɗanɗanawa. Daga ƙofa muka hango su, an zuba wa kowa ɗan kaɗan a gindin kofin gilashi. Su shinshina, su ɗiga ruwa, su kurɓa su riƙe a baki suna lumshe ido. Bitrus ya ce, "Kin gani, Mama, a hankali ake sha. Ba don a bugu ba ne."

Nan ta juyo ta dube shi sosai. "Haka suke yi a gabanka. A gidajensu fa? Ni na san fuskar duk wanda ya sha nawa. Na san matansu. Kai ka san fuskar wa?"

Ya sunkuyar da kai. Bai kawo hujja ba, duk da na san yana da su. Ya ce, "Ban sani ba, Mama. Ina tunanin Baba kullum."

Sai ta fashe da kuka, irin wanda ban ga ta yi ba ko a makokin mijinta. Na koma gefe na ba su wuri. Da ta natsu na ji tana cewa, "Ba zan ce ka yi daidai ba, kada ka jira wannan daga bakina. Amma a cikin warin nan na goye ka. Ni na fara koya wa hancinka. Fushin nan ba da kai kaɗai nake yi ba." Ta sa shi ya yi mata alkawari ba zai shigar da kwalba gidan da Hannatu take ba. Ya yi, ya kuma cika. Da za mu tafi, ta wuce motata ta buɗe tasa ta zauna a gaba. Na bi su a baya ni kaɗai har gida.

Shekara uku suka samu bayan nan. Ba ta sauya ra'ayi ba, shi ma bai bar aikin ba, amma sukan yi awa guda a waya suna musu a kan masara da dawa, da wanda ya yi aure, da wanda ya rasu. Sannan ciwon daji ya kama shi a hanji, bai yi doguwar jinya ba. Muka kai shi makwancinsa a bayan Laurel, 'yan coci da 'yan masallaci tsaye wuri ɗaya. Ita ba ta samu zuwa ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Gonakin da muka ratsa ran nan, da yawansu sun zama manyan gine-ginen ajiye na'urorin intanet marasa taga, ni ma a ɗaya daga ciki nake aiki. Ina jin zai tambaye ni inda za a shuka masarar. Burbon kuma ya zama abin yayi, mutane na bin layi su sayi kwalba su jera a kabad ba su buɗe ba, wannan kam da ya sha dariya. Hannatu ta kai shekara goma sha ɗaya. Ina yi mata Hausa tana mayar mini da Turanci, amma in ta ƙyalƙyale sai in waiga, don dariyar ubanta ce sak.

Gangunan da ya cika da hannunsa duk an buɗe su, an ɗura a kwalabe, mutanen da ba su san sunansa ba sun shanye. Aikin da ya ba rayuwarsa ya ƙare ke nan, kuma ba ni ne zan auna masa shi ba, wannan yana wurin Wanda ya halicce mu. Abin da na sani, na ga mutum ya yi shekara huɗu ana rufe masa ƙofa bai daina ƙwanƙwasawa ba, kuma da aka faɗa masa magana mai zafi bai kare kansa ba.

Makon jiya na kira Mama Ladi. Ta tsufa, ido ya yi rauni, amma muryar tana nan. Na ce mata shekara takwas ke nan. Ta ce, "Habu ɗana, ran da ka kai ni wurin aikinsa, saura kaɗan in ce maka ba zan je ba. Da yanzu da me zan kwana?"