Rijiyar da Ta Yi Shiru

Da safe ina kunna murhu a flat ɗinmu na unguwar Small Heath, nan ƙasar Turawa, warin gas ya bugi hancina, sai Kawu ya faɗo min a rai. A Fatakwal ya ƙare ƙuruciyarsa yana farfaɗo da rijiyoyin mai, har tsufa ya kawo shi wurinmu, tafin hannunsa duk kanta.

Shekarar da council, wato ƙaramar hukuma, ta rage ma'aikata har da ni, maigidana ya samu aikin gyaran wata rijiyar gas a tsakiyar teku. Ranar tafiyarsa Kawu ya damƙe masa wuyan hannu a kicin.

"Rijiyar da ta yi shiru ita ce abar tsoro," in ji shi. "In gabanka ya faɗi, ka tsayar da aiki, ko da za su kore ka."

"Kawu, to mu ci me?" na ce.

"Gara ki jiƙa gari mijinki na gefe."

Maigidana kuwa da gabansa ya faɗi a can, ya tsayar da aikin, aka sallame shi, muka sha wuya. Jiya ya sake komawa teku, wayarsa ba ta shiga, kuma babu wanda zan kai wa kukana. Allah ya haskaka kabarin Kawu, ya dawo min da nawa lafiya.