Abin da Na Nema a Kwamfutar Gwaggo

A shekarar da nake aji uku na ƙaramar sakandare Baba ya yanke shawarar kai ni makarantar kwana. Ba a gabana ya faɗa ba. Ina kicin ina wanke kofunan shayi na ji yana gaya wa Mama a falo cewa da zarar mun gama jarrabawa zai nema mini gurbi a wata makarantar 'yan mata da ke wajen gari. Dalilinsa ɗaya ne: ba na magana.

Ranar ya dawo ne daga taron iyaye da malamai. Malamarmu ta darasin zamantakewa, wata 'yar Zariya mai yawan fara'a, ta gaya masa cewa a rubuce ina cikin na gaba a aji, amma tun da ta fara koyar da mu ba ta taɓa ganin hannuna a sama ba. Na tabbata da kyakkyawar niyya ta faɗa. Baba kuwa ya ɗauki maganar da nauyi. Shi ma makarantar kwana ya yi, kuma ya yarda can ne bakinsa ya buɗe. Mama ta ce, "Alhaji, ai kunya ce kawai." Ya ce wannan ta wuce kunya, gobe jami'a zan shiga, ba wanda zai tsaya yana lallashina in yi magana. Ni kuma na ci gaba da wanke kofin da na riga na wanke.

Ba na son tafiya. Gidanmu a Nassarawa GRA yake, tsohon gini mai doguwar baranda. Idan na dawo daga makaranta kaina cike da hayaniyar mutane, ƙarshen barandar nake zuwa in zauna a bayan tankin ruwa har hayaniyar ta lafa. Na sha jin labarin ɗakin kwanan ɗalibai a bakin 'yan uwana: gado a kan gado, wanka a layi, ko kuka za ki yi sai a gaban mutane. Amma in je in tsaya gaban Baba in ce ba na so, ban ga ta inda zan fara ba.

A lokacin Gwaggo, ƙanwar Baba da ke aure a Hotoro, tana digiri na biyu a fannin nazarin zamantakewar al'umma. Kowace Asabar takan zo gidanmu da kwamfutarta, saboda muna da sola, kuma 'ya'yanta ba sa barinta ta karanta layi biyu a jere. Bincikenta a kan yadda maƙwabta ke raba ruwan rijiyar burtsatse ne a Badawa da Gawuna. Malaminta ya ce kafin ta fita tambayar mutane sai ta karanta abin da wasu suka riga suka rubuta. Laburaren jami'arsu ya ba ta kalmar sirri, da ita take shiga rumbunan mujallun bincike ta intanet daga teburin cin abincinmu.

Na daɗe ina kallon yadda take yi. Takan ajiye aya a murfin kwano, ta goge yatsunta da gefen zani kafin ta taɓa kwamfutar. Ta rubuta kalmomi kaɗan, sai takardu su zubo shafi bayan shafi. Sai ta koma gefen hagu tana ragewa: ta zaɓi shekarun baya-bayan nan, ta zaɓi fanni, ta cire duk abin da masana ba su tantance ba. Kowace takarda tana da taƙaitaccen bayani a sama, shi take fara karantawa, leɓɓanta suna motsi. Wasu takardun suna da ɗan hoton kwaɗon kulle ƙofa a gefe, alamar jami'arsu ba ta da izinin buɗe su. Idan ta ci karo da irinsu takan yi tsaki ta jefa aya a baki.

Asabar ɗin da ta biyo bayan maganar Baba na kai mata ruwa, na ajiye, na tsaya.

"Hajiya ƙarama, lafiya kika ƙame a kaina kamar turken lantarki?" Haka take kirana, saboda sunan mahaifiyarsu aka sa mini.

Na ce, "Gwaggo, akwai na yara?"

"Na yara me? Ruwan burtsatse?"

"Yaran da ba sa magana."

Ta fara dariya, sai ta kalle ni ta daina. Ta tura tabaraunta saman ɗankwali. "Au, Yaya ya gaya miki?"

Na girgiza kai.

"Kin laɓe kin ji, kenan. Ku shiru-shiru kun fi kowa kunne." Ta miƙe tana gyara mayafi. "Zan yi sallah in ɗan kishingiɗa. Ga kwamfutar nan. Kada ki goge mini komai, in kin goge ke za ki je ki yi wa malamina bayani, da bakin naki da ba ya buɗuwa."

Na zauna a kujerarta, da sauran ɗuminta. Na rubuta da Turanci kalmomin da nake ganin sun dace: yara, kunya, makarantar kwana. Abin da ya fito ya ba ni tsoro. Ban taɓa zaton akwai manyan mutane a duniya da suka zauna suka yi shekaru suna nazarin yara irina ba. Wani ɓangare na zuciyata ya ji daɗi, wani kuma ya ji kamar an leƙo ni ta taga. Na rage kamar yadda na ga tana yi. Turancin ya yi mini nauyi, sai na ajiye ƙamus a cinya. Duk taƙaitaccen bayanin da na ga kamar yana nuna raba yaro da gida na iya wahalar da shi, sai in adana. Wanda na ga kamar yana yabon zama cikin tsara, sai in wuce da sauri.

Haka na yi 'yan makonni, duk lokacin da Gwaggo ta tashi sallah. Shirina shi ne in sa a buga takardun, in ajiye wa Baba a kan tebur, su yi magana a madadina.

Da na nuna wa Gwaggo abin da na tara, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana gyaɗa kai. Sannan ta ce, "Ina sauran?"

"Waɗanne?"

"Waɗanda ba su goyi bayanki ba. Ko duk duniya bakinsu ya zo ɗaya saboda ke?"

Na sunkuyar da kai.

"Wannan aikin lauya kika yi, Hajiya ƙarama. Mu a wajenmu wanda ya saɓa miki shi za ki fara karantawa. Ni kaina akwai wata takarda da ta rushe mini rabin tunanina, kuma dole na sa ta, ina yi ina tsaki." Ta ja kujera kusa da tawa. "Kuma kowacce ki yi mata tambaya. A ina aka yi? Su wa aka tambaya? 'Yan shekara nawa?"

Muka koma baya tare. Ta nuna mini yadda ake bin sunayen takardun da ke ƙarshen wata takarda don a gano wasu. A kan biyu daga cikin masu kwaɗon ta tura wa ma'aikaciyar laburarensu saƙo ko za a samo, ba a dace ba. Da muka yi wa tarin nawa tambayoyin nan, na ga kusan duka a ƙasashe masu nisa aka yi su. Na ƙara sunan Najeriya a cikin kalmomin nema, jerin ya ragu sosai. Na ƙara Kano, abin da ya rage bai shafi tambayata ba. Gwaggo ta ce wannan ba ya nufin ba a yi ba, mai yiwuwa suna nan a kan kantar wani laburare ba a ɗora su a intanet ba, ko kuma ni ce ban iya nema ba tukuna.

Wannan ya tsaya mini a rai kwanaki. A gida, idan baƙi suka zo na durƙusa na gaishe su idona a ƙasa, sai su ce wa Mama ta iya tarbiyya. A makaranta, wannan idon a ƙasa shi malama ta kai ƙara wurin Baba. Ban sani ba ko masu binciken can sun san da yaron da ake yabon shirunsa da yamma, da safe kuma a ce matsala ce.

Gwaggo ta bugo mini takardun a shagon kusa da gidanta, har da waɗanda ba na so. Ranar Lahadi bayan La'asar Baba yana zaune a baranda da rediyo a gefensa. Na durƙusa, na ajiye su kusa da ƙafarsa, na yunƙura zan tashi.

"Mamana, mene ne wannan?"

"Bincike ne, Baba."

Ya ɗaga takardar da ke sama, ya nesanta ta da fuskarsa, ya mayar. "Tabarauna yana mota. Zauna ki gaya mini abin da ke ciki."

Na san motar tana nan a tsakar gida, da ya aike ni da na ɗauko. Bai aike ni ba. Ya rage muryar rediyon ya jira.

Da farko ni kaina ba na jin abin da nake faɗa. Na kafa idona a kan wata tururuwa da ke jan ɓarɓashin biskit a siminti, na fara da yadda ake nema a kwamfutar, domin shi ya fi sauƙin faɗa. Daga nan na shiga abin da na fahimta. Na ce ra'ayin masu binciken bai zo ɗaya ba. Na faɗi wanda ya yi mini daɗi. Na ɗan tsaya, sannan na faɗi ɗayan, mai ganin zama cikin tsara yana iya taimaka wa yaro. Baba ya ɗaga gira.

"Wannan ai nawa ne. Ke kika kawo shi da kanki?"

"Gwaggo ta ce dole."

Ya yi 'yar dariya. "Ita da ba ta taɓa yarda an kayar da ita a musu ba. To wane ɓangare ya fi ƙarfi?"

Na ce ban sani ba, domin da yawa taƙaitaccen bayaninsu kawai na iya karantawa, wasu a kulle suke, wasu Turancinsu ya fi ƙarfina.

"A cikinsu akwai wanda ya zo Kano ya tambayi yaranmu?"

"Ban samu ba, Baba."

"To ni ga 'yar Kano a gabana. Me ya sa ba kya ɗaga hannu a aji?"

Ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar ya kuma tsaya jiran amsa. Na ce ba tsoron malama nake ji ba. Idan aka yi tambaya nakan san amsar, amma sai na jera ta a kaina tukuna, kafin in gama jerawa wani ya faɗa an wuce. Na ce idan na wuni cikin mutane nakan gaji kamar na yi aikin ƙarfi, sai na zauna ni kaɗai nake dawowa daidai. Sannan na faɗi abin da na zo da shi tun farko: "Baba, ba na son makarantar kwana."

Mai gadi ya buɗe ƙofa ya fita masallaci. Sannan Baba ya ce shi a shekararsa ta farko a makarantar kwana bai ji daɗi ba ko kaɗan, daga baya ne ya saba, kuma har gobe yana ganin ta amfane shi. Bai ce na yi gaskiya ba. Ya ce zai bar ni a makarantarmu shekara ɗaya, da sharaɗi: zai je ya roƙi malamai su riƙa kiran sunana a aji ko ban ɗaga hannu ba, su kuma ba ni lokaci in amsa. Idan ƙarshen shekara ya zo labarin bai canja ba, maganar tafiya za ta dawo, kuma ba zai saurari takarda ba.

Sharaɗin bai yi mini daɗi ba. Na hango ajin gaba ɗaya ya juyo yana kallona ina jera amsa. Amma na ce, "To, Baba. Na gode."

"Kwashe takardunki," in ji shi. "Bar mini wannan, nawa ɗin. Zan karanta."