Ranar da Shanu Suka Ja Tarakta

Baba Direba ya kama aiki a gidan gonar gwamnati tun yana saurayi, a zamanin da ake koya wa mutum ya goge inji kafin ya wanke hannunsa. Tarakta uku ya tuƙa a rayuwarsa, kowace kyauta ce daga wata ƙasa mai son a ce ta taimaka wajen ciyar da talaka. Ba wadda ƙusarta ke shiga ramin 'yar'uwarta. Ta farko da ta biyu suka zama gidan kaji. Ta ukun, koriya, ya lallaɓa ta kamar jinjira, har famfon manta ya fashe, aka nemi irinsa ƙasa da sama aka rasa.

Shi da tsohuwarsa, wadda ƙafa ta riga ta ƙi, suna zaune a ɗaki biyu na ma'aikata a bayan sito. Ba su da wani gida a duniya.

Manajan wurin kuwa ɗan ƙanwarsa ne. Wata safiya ya iske shi a gareji.

"Kawu, masu kyauta za su zo jibi su ga motarsu tana aiki."

"To su taho da famfo."

"Ba wasa nake yi ba. Za a kai ta gona, ka hau ka riƙe sitiyari, a ɗauki hoto. In suka ji daɗi, wata za su aiko."

"Wadda ita ma ba za a sami ƙusarta ba. Ni da na ɗauke ka a wuya, yau ni za ka ɗora bisa gawa in yi murmushi?"

Manaja ya dubi agogonsa. "Ɗakin da kuke ciki na direba ne, Kawu. In babu tarakta, ban san me zan ce direba yake yi ba."

Washegari aka aro shanun noma daga wurin manoman da suka shekara suna jiran a yi musu huɗa. Shanun suka huɗe gefen hanya, aka bi da tsintsiya aka share sawun kofato. Sannan aka ɗaura musu igiya, suka ja koriya zuwa bakin kunya.

Baƙi suka iso da hulunan rana. Baba Direba ya hau, ya dafa sitiyari. Manaja ya bayyana musu cewa an kashe injin ne don kada ƙara ta hana jawabi. Suka gyaɗa kai, suka yaba da tattalin mai.

Daga bayan shinge mai shanun ya ɗaga murya. "Direba, a hankali dai, kada ka take mu."

Manoma suka bushe da dariya. Wata baƙuwa ta tambayi abin da aka ce, Manaja ya ce godiya suke yi. Ta ɗaga musu hannu.

Ɗakin bai suɓuce ba. Tsohuwa tana nan tana shan hantsi a ƙofa. Sai dai daga baya, ko a jana'izar ƙanwar tasa, uwar Manaja, da Manaja ya durƙusa ya miƙo hannu biyu, Baba Direba bango ya duba har yaron ya gaji ya tashi.