Yadda Muka Ɗura wa Injin Baba Mai Har Ya Ƙone

Malam Edita, ni ba na iya kwana-kwana, ga abin da ya same mu. Shekarar da na gama makarantar 'yan mata a Kano, ana ta zancen Turawa za su ba mu mulkin kai, ni kuwa ji nake babu abin da ya fi ƙarfin kaina. Da na sauka daga jirgi a Malam Madori na tarar Baba ba ni kaɗai ya zo tarya ba, har da injin ban ruwa mai shan man gas da ya yi oda. Lori ɗaya muka shiga Haɗeja ni da injin, kuma wallahi shi aka fi kallo.

Aka girke shi a bakin kogi inda Baba ya shuka alkama. Ranar da aka murza hannunsa ya kama tuf-tuf-tuf, ruwa ya yo tsalle daga bututu kauri kamar cinya, har masunta suka tsayar da kwalekwale suna kallo. Ni da ba na son gona, na zama mai kai abinci kullum.

Alkama na fara ciki sai injin ya soma kasala, yana tari da baƙin hayaƙi, ruwa ya ragu. Baba mai turke shanu ne, sa in ya rame dusa ake ƙara masa, saboda haka ya ce yunwa injin yake ji. Maƙwabcinmu ya ce a kira makanike daga Kano, na ce kafin ya iso alkama ta bushe. Ni na gano notin da ke taƙaita mai, an ɗaure shi da waya da darma. Baba ya ce, "Uwata, anya ba don kada a taɓa suka ɗaure ba?" Na ce don kada ya kwance ne. Muka tsinke wayar, muka sakar masa mai.

Sai ga inji ya yi ruri, hayaƙi ya turnuƙe, ruwa ya dawo da ƙarfinsa. Na rangaɗa guɗa, Baba na dariya har hularsa ta faɗi. Kafin la'asar salansa, bututun fitar hayaƙi, ta yi ja, ruwan tankinsa yana tafasa, muna ƙara na sanyi muna murna. Can ya yi wata ƙara, ya yi shiru.

Da makanike ya zo ya kwance, ya nuna mana fistan, ƙarfen da ke kai da komo a cikin injin, da huji a ka. Ya ce nozul, ɗan bakin da ke fesa mai a ciki, ya kamata ya riƙa feshi kamar raɓa. Namu yashi ya cinye shi don ba ma tace mai, sai ɗiga yake wuri ɗaya, mu kuma muka ƙara wa wutar abinci. Sabon fistan sai daga Ikko. Muka koma kamfatar ruwa da ƙorai, fangalin bakin kogi kaɗai muka tsirar, sauran ya bushe muna kallo. Baba bai taɓa ɗora mini laifi ba, shi ya fi ƙona ni.

Masu sayen inji yanzu kun yi yawa, ku ji da kyau. Ku tace mai. In ya yi kasala da baƙin hayaƙi, ku kashe shi a duba nozul, man ya riga ya yi masa yawa. Wayar nan kuwa ku bar ta, ko 'yarku mai takardar makaranta ce ta ce a tsinke.