Ganyen Kwalba a Fitilar Maigida

Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya yi wa Turawa aikin boyi shekara ashirin da ɗoriya, a Kaduna da Minna. Da suka fara naɗe kayansu gab da samun 'yancin kai, ana ta gwanjon kayan gidajensu, abokan aikinsa masu hankali suka sayi gado da keke da keken ɗinki. Shi kuwa fitilu ya saya. Ya ɗauko ni da fitilu bakwai a bayan wata motar doya, ya sauke mu a Kurudu, inda yayarsa ke aure, ya ce a nan za mu ƙarasa rayuwa. Ni a kan buhu aka ɗora ni, fitilun kuwa da bargo biyu aka naɗe su.

Ba irin fitilar ƙwai ba ce da kowa ya sani. Fitilun ɗorawa a teburi ne, masu gindin tagulla da hular gilashi kala-kala. An yanka gilashin ƙanana ƙanana, an haɗa da dalma har ya zama fure da ganye. Shida na kananzir ne. Ta bakwai, babbarsu, ta lantarki ce, ga wayarta nan a naɗe a gindinta. A Kurudun wancan lokaci kuwa gonakin doya ne da dawa, da duwatsu, da shanun Fulani a bayan rafi. Lantarki sai dai labari. Saboda haka babbar fitilar nan ba ta taɓa haska mana ko bakin ƙofa ba, ni kuwa na sa mata suna Malalaciya. Kowace Juma'a da hantsi yakan fito da ita, ya aza a tabarma, rana ta ratsa hular, ja da kore da shuɗi su zubo a ƙasa. Ya zauna yana kallo har a kira salla.

Abin da ya fi fitilun girma a gidan nan shi ne bakinsa a kansu. Labari ya bazu cewa akwai wani a Kurudu da ya san fitilar Turawa, sai malaman makaranta da direbobi suka riƙa kawo masa nasu ya duba. Yana da hanyarsa. Zai fara ɗaga gindin ya ji nauyi. Sai ya ciro ɗan maganaɗisu daga aljihu ya kara, in ya manne ya ce ƙarfe ne aka shafa wa launi, tagulla ba ta kama maganaɗisu. Sai ya ƙwanƙwasa hular da gaɓar yatsa. Ta ainihi, in ji shi, ba ta ƙara, sai dai ta amsa can ƙasa-ƙasa, domin kowane guntu a rungume yake da dalma. Wata rana wani hedimasta ya taka keke tun daga Karu da tasa fitilar, yana taƙama gadon wani Bature ce. Maigida ya sa farce ya kankare jan furen, fenti ya biyo farcen, farin gilashi ya bayyana. Ya miƙa masa ya ce, "Malam, a gaida Baturen." Daga nan ya waiwayo ya faɗi maganar da na ji ta fi sau ɗari, wai tun da yake ba a taɓa yi masa rufa-ido a kan fitila ba.

Mutumin nan ba ya faɗa, ba ya duka. In ransa ya ɓaci sai ya daina cin tuwona. Zai ɗauki kwanonsa a hannu, rana tsaka, ya bi ta gaban mata masu daka, ya tafi gidan yayarsa a zuba masa. Na ɗanɗana wannan tun shekararmu ta farko. Na ga gindin wata ƙaramar fitila ya yi baƙi, ni kuma a gidanmu an koya mini mace ba ta barin tagulla da datti. Na samo toka da lemun tsami na dirje ta har ta koma kamar tasar amarya, na zauna ina jiran yabo. Ya dawo ya tsaya a kanta ya daɗe. Ashe baƙin nan shi ne shekarunta, shi ake nema, ni kuma na wanke mata shekara hamsin kafin azahar. Kwana arba'in yana kai kwanonsa gidan yayarsa. Har yau in na tuna dariyar matan nan a bakin turmi sai in ji kunnena ya yi zafi.

To, wanda ya san wannan ya kamata ya kiyayi Malalaciya. Ni ban kiyaye ta ba.

Wata damina aka yi rasuwa a danginsa a Keffi, ya tafi zai kwana huɗu. Kazata ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki goma sha ɗaya, ruwa kuma ya ruɓar da akurkina. Kafin rana ta yi tsaka shirwa ta ɗauke uku, ina tsaye ina zaginta. Na shiga ɗaki neman abin kifewa, idona ya faɗa kan hular nan. Faɗinta ya isa, tana da nauyi, ga huda a sama inda iska za ta shiga. Na ce mata, "Yau dai za ki yi aiki." Na kwance ta daga gindin, na fito da ita, na kife 'yan tsakina.

Wallahi ban taɓa ganin abu mai kyau kamar wannan ba. Rana ta buɗe, 'yan tsakin suka koma wani ja, wani shuɗi, wani rabinsa kore, suna yawo suna canza launi. Shirwa ta yi shawagi ta gaji ta tafi. Maƙwabciyata, wata Bagwariya da muke musayar gishiri da daddawa ta kan zana, ta leƙo ta gani, ta zauna a ƙasa tana dariya har da hawaye. Da ta samu numfashi ta ce da irin Hausarta, "Kai, wannan abin mijinka ne fa. Ba ka jin tsoro?" Na ce mijina yana Keffi. Kwana biyu muna shan kallo. A rana ta uku akuyar maƙwabta ta tsallako tana gudun kare, ta sa ƙafar baya ta shuri hular. Na ji ƙas. Ganye ɗaya kore, tsawon babban yatsa, ya zube a ƙasa gutsi-gutsi.

Na zauna ina lissafi, in wanki ya ci kwana arba'in, fashi zai ci nawa. Na ga kwanon nan yana wuce turmi har ƙarshen rayuwata. Maƙwabciyar ce ta tashe ni. Washegari kasuwar Karu ke ci, kuma akwai wani mai dalma a can da ke ƙera aci-balbal da gwangwanin madara. Ta sa hular a babbar ƙwarya, ta lulluɓe da ganye, ta jera doya a kai, ta ɗora a kafaɗa yadda matansu ke ɗaukar kaya. Ina biye da ita, idona a kan ƙwaryar.

Mai dalmar ya jujjuya hular ya ce bai taɓa ganin irinta ba, kuma ba shi da koren gilashi. Na waiga na ga wata kwalbar lemo a gefen rumfarsa, ya zuba kananzir a ciki. Na ce ga kore nan. Ya juye kananzir, ya fasa kwalbar, ya zaɓi guntu daga cikinta, ya yi ta goga shi a dutsen wasa wuƙa har ya ɗauki siffar ganye. Ya liƙa da dalma. Sabuwar dalmar tana walƙiya, amma wannan karon na riga na yi karatu. Da muka dawo gida na kwaɓa baƙin tukunya da man kaɗe na shafe ta, na kara ta a hayaƙin murhu, na tsufar da ita da hannuna. Na wanke cikin hular sau uku, na mayar da ita kan gindinta, na juya ganyen ya fuskanci bango.

Ya dawo ranar Alhamis. Juma'a da hantsi ya fito da ita kamar kullum. Ina bakin murhu ina hura wutar da ta riga ta kama. Ya zauna, ya kalli launukan a tabarma, ya ƙwanƙwasa hular nan da can. Can ya ce, "Ke, yau me za a ci?" Na ce duk abin da yake so. Ya ce miyar kuka da kaza. Na yanka masa zakaran da nake ajiye wa Sallah.

Daga ranar na zama wata mace. Ni da aka sani da baki, in ya faɗi ɗaya in mayar da uku, sai ga ni ina cewa to, Malam. Tuwo ba ya wuce lokaci, ruwan wanka da ɗumi. Yayarsa har ta tambaye ni ko wani malami na je. A raina kuma ina jin daɗi na mugunta, domin duk lokacin da ya faɗa wa baƙo ba a taɓa yi masa rufa-ido ba, sai in shige ɗaki in danne bakina da gyale. Ni da kwalbar lemo mun kayar da gwanin Kurudu. Haka muka yi shekara tara, kowace Juma'a gabana na faɗuwa, kowace Asabar ina yi masa dariya a ɓoye.

A cikin shekarun nan yanar ido ta riƙa rufe masa gani, a hankali, har ya zama ba ya bambance komai sai rana da inuwa. Bai fasa fito da fitilar ba, sai dai ni ke ɗauko masa. Sai ga wani Bayarabe ɗan kasuwa daga Ikko, mai bin ƙauyuka yana sayen tsofaffin kayan Turawa, an kwatanta masa gidanmu. Ranar Juma'a ce, Malalaciya na kan tabarma. Ina bayan zana ina tankaɗe. Mutumin ya san aikinsa, shi ma ya ɗaga gindi, ya ƙwanƙwasa, ya yi ta yabo. Sai na ji ya ce, "Oga, an cuce ka a nan. Wannan ganye ba nata ba ne."

Rariya ta tsaya a hannuna.

Maigida ya ce, "Kwalbar lemo ce. Aikin mai dalmar Karu. Damina tara ke nan."

"Ka sani?"

"Tun ranar farko. Korensa a tabarma ya fi na 'yan'uwansa duhu. Kuma da na sa hannu ciki na tarar da gashin ɗan tsako a maƙale a jikin dalma."

Ban san lokacin da na ture zanar na fito ba, ko mayafi babu, gari har gira. Na ce, "Ka sani, ka bar ni shekara tara ina rawar jiki?" Ya juyo da fuskarsa wajen muryata, yana murmushin da ban taɓa yafe masa ba. Ya ce, "Da na kai kwano gidan yaya, kwana arba'in zan yi in dawo ki ci gaba da tsiwa. Da na yi shiru kuwa, kin ga abin da na ci." Na tuna zakarana na Sallah, da duk kajin da suka bi bayansa, na ji kamar in kife shi da hular shi ma. Bayaraben ya ga gida ya ɗauki zafi, ya ce ko da gyaran zai saya. Maigida ya ce ba ta sayarwa ba ce, ya sallame shi.

Na faɗi duk maganar da na haɗiye a shekara tara, ban rage ko ɗaya ba, har maƙwabciyata ta leƙo ta kan zana ta koma. Yana zaune yana saurare, hannunsa a kan hular. Da na gaji ya ce in zo in zauna. Ya kama yatsana ya ɗora a kan ganyen kwalbar. Ya fi sauran kauri, yana da ɗan tudu. Ya ce, "Yanzu duk sauran ɗaya suke a hannuna, sumul, ban san ja daga shuɗi ba. Wannan kaɗai nake ganewa. Daga shi nake farawa. Uku zuwa dama jan fure ne, na samansa ruwan ɗorawa, daga nan sai in ga sauran duka. Da ba ki fasa ta ba, da tuni ta ɓace mini."

Ba na son ya ji muryata ta canza, sai na tashi na koma tankaɗe. Tuwon ranar dai na cika wa miyarsa barkono da gangan, ya cinye yana sharce hanci bai ce komai ba.

Bai kai zuwan lantarki Kurudu ba. Da aka ja mana wuta, shekaru bayan rasuwarsa, na sa aka canza wa Malalaciya waya, ta kama aiki a karon farko tun da na san ta. Ganyen kwalbar ya fi kowane muni in an kunna, duhu gare shi, ga tabon baƙin tukunya a gefensa. Masu zuwa kallo sukan ce in juya shi bango. Ni kuwa wajen gadona nake juya shi, kuma in zan kashe ta sai na ɗora yatsa a kansa na ƙirga uku zuwa dama.