Batirin da Ya Ƙoshi

A bakin kasuwar Rogo ga wani mutum zaune a kan benci, tabarau a goshi, yana hura hanci kamar shi ya ƙirƙiro lantarki. A gabansa akwai batirin da ya haɗa da kansa: ƙananan batiran tsofaffin kwamfutoci ne ya jera, ya naɗe su da baƙin salatif. Ya jona shi da cajar batirin babur, a tsakar rana, dab da kwalaben mai fetur.

Ina jin ya taɓa ɗan zama a shagon gyaran rediyo a Kano, shi ke nan ya dawo gida injiniya.

Batirin ya kumbura har salatif ɗin yana ɗagewa. Mai fetur, wani dattijo, ya leƙo.

"Malam Barau, abin nan fa ƙauri yake. Cire shi mana."

Barau ya taɓa, ya fizge yatsansa yana hurawa, sannan ya murmusa.

"Baba, ƙoshi ne. Buhun gyaɗa ma in ya cika ai kumbura yake."

Sai ya lulluɓe shi da bargo, wai kada rana ta dake shi. Dattijon kuwa kwalabensa kawai yake kwashewa.